Layi Ɗaya a Rahoton Direba

"Ba zan ba shi ba."

Abba bai ko ɗaga murya ba. Ya ajiye takardar a kan teburin falo, ya danne ta da gilashinsa, ya jingina da kujera kamar wanda ya tashi daga aiki.

Auta na zaune a ƙasa kusa da ƙafar Umma, kanta a sunkuye. Tun da Direba, mai neman aurenta, ya sauka daga benen nan da la'asar ta san ba a rabu da daɗi ba. Ta taga ta hango shi ya tsaya a bakin ƙofar gini, ya daɗe a tsaye, sannan ya tsallaka titi bai waiwayo ba.

"Abba, me ya yi?"

"Ɗauki ki karanta. Ai kin yi makaranta."

Ta ɗauka. Sunansa ne a sama, sai adireshin duk gidan da ya taɓa zama, sai katin bankin da yake biya a kan lokaci, sai kuɗin wayar da bai taɓa yin latti ba. Can ƙasan shafi na biyu Abba ya ja layi da jan biro.

Wanda bai san Abba ba zai ce mugunta ce. Ba mugunta ba ce, sana'a ce ta biyo shi har gida. Dillalin gidajen haya ne, kuma duk wanda ya zo neman ɗaki sai ya sa hannu an ciro rahoton bashinsa, wato takardar da ake tara tarihin mutum a ciki: me ya ranta, yaushe ya biya, wa ya bari yana binsa. Da ita Abba ke sanin wanda zai ba makulli. To, ranar da Direba ya fara zuwa neman 'yarsa, sai ya miƙa masa irin takardar masu neman ɗaki ya ce ya sa hannu. Bawan Allah ya sa yana murmushi, a zatonsa zolaya ce.

"Kuɗin haya ne," in ji Abba. "Da na asibiti ne ko na makaranta, sai in ce ƙaddara. Haya fa. Ya kwashe kayansa ya bar mai gida da sauran watanni a wuya, har aka gaji aka sayar da bashin ga kamfanin masu karɓa. Irinsu nake kora kullum a ofis, shi ne zan buɗe masa ƙofar gidana?"

"Ya faɗa mini tuntuni, Abba. Mahaifiyarsa ce ta kwanta ciwo a wani gari, ya tafi jinya. Ya sanar da mai gidan, kuma wata bai ƙare ba aka sa wani a ɗakin. Haya biyu mutumin ya so ci a ɗaki ɗaya."

"Haka duk suke cewa."

"Shi ba ya ƙarya."

"Ni ban ga fuskarsa a nan ba, rubutu na gani."

Umma ta gyara zama. "Abbansu, a bi a hankali mana. Yarinyar nan ba ƙarama ba ce, kuma yaron ba mu taɓa jin wani abu a kansa ba."

"Ai a hankalin na bi, shi ya sa na ba shi sharaɗi. Irin wannan layi ba ya dawwama. Shekara bakwai yake yi daga lokacin da mutum ya fara kasa biya, sannan ya faɗi da kansa. Nasa ya ci biyar da ɗoriya. Ranar da na ciro rahotonsa na ga babu layin nan, ya zo mu zauna. Kafin nan ba waya, ba saƙo, ba tsayuwa a bakin hanya."

Auta ta ɗago. "Ya yarda?"

"Ya ba ni alkawari. Amma ki ji da kyau, ban ce zan ajiye ki ina jiransa ba. In wani mai hankali ya zo kafin nan, ya zo."

Duk abin da aka faɗa a falon nan babu wanda ya soke ta kamar wannan yardar. Ta tashi ta shige ɗaki, ta jawo ƙofa, ta zauna a bakin gado ta yi kukan da ba ya fitar da sauti. Ta san kanta, ba za ta taɓa yin auren da Abba bai sa wa albarka ba. Ta kuma san Direba, in ya ce ya yi alkawari, an gama.

* * *

Abin da Abba ya manta shi ne, bas ɗaya ce ke bi ta unguwarsu zuwa shagon wanki da guga inda Auta ke aiki, kuma Direba ke jan ta. Bai hana ta zuwa aiki ba, bai hana shi tuƙi ba.

Sai dai me? A saman gilashin gaba akwai rubutun da kamfanin bas ya liƙa, wai an hana fasinja magana da direba. Da can abin dariyarsu ne. Takan tsaya a bayansa ta ce, "Direba, a taka mana, mun makara," shi kuma ya nuna rubutun da yatsa ya ce, "Fasinja, a bi doka." Yanzu dokar ta zama gaske.

Ta shigo, ta ɗora katinta a na'ura, na'urar ta yi ƙara. Ya ce "Sannu" irin wadda yake wa tsohuwa mai sanda da ɗan makaranta mai jaka. Ta wuce kujerar da ke saitin madubi ta zauna. Daga nan idanunsa kawai take gani da ɗan goshi. Wani lokacin ya ɗago su haɗa ido na ƙiftawa, ya mayar kan titi.

Ni dai a wurina namiji mai riƙon alkawari abin so ne, amma wallahi irin wannan riƙon sai ya sa ka ji kamar ka girgiza shi. Ko da kuskure bai taɓa danna lambarta ba.

A shago kuma yini take da rigunan mutane, masu su ba sa nan. Ta karɓa, ta duba aljihu, ta maƙala lamba a wuyan riga, ta rataye. Injin guga na huci a ɗakin baya. Mai shagon ba ta zuwa sai da yamma ta kwashi ciniki. Sau da yawa Auta kan ankara ta ga tun safe ba ta faɗi komai ba ban da "Jibi za a gama." Kaɗaici ya ishe ta har abinci ya daina shiga.

Ana haka Likita ya fara zuwa.

Likitan haƙori ne, yana haya a ƙasan ɗaya daga cikin gine-ginen da ke hannun Abba. Rahotonsa kuwa, in ji Abba, sai ka ga kamar ka sa shi a firam ka rataye. Fararen rigunansa na aiki yake kawowa, wasu ma ko datti ba su yi ba, karin gugar da ta yi musu na nan.

"Wannan ai ba a sa ta ba," ta ce masa ran nan.

"An sa, na ɗan lokaci." Ya yi murmushi, haƙoransa jere kamar an auna. "Haƙorinki na hagun nan na sama yana so a duba shi. Ki zo kyauta."

"Na gode, ba ya ciwo."

"Ai tun bai yi ciwo ba ake zuwa."

Da mugu ne da abin ya zo mata da sauƙi. Ba mugu ba ne. Mai haƙuri ne, mai ladabi, ba ya matsa mata, kuma duk sati yana nan.

Yaya ce ta ƙarasa dagula lissafin. Ta zo gida da 'ya'yanta wata Lahadi, ta tarar da Auta kwance da rana tsaka, ta zauna a kanta.

"Tashi ki ga yadda kika koma, wuya kamar na kaza. Shekara ɗaya da rabi kike cewa za ki jira? Ke kin san Abba. Kullum Likita na ofishinsa yana shan shayi, yana gyara masa haƙori, shi wancan yana can yana juya sitiyari. Kafin layin nan ya faɗi an gama da ke."

"To ya zan yi, Yaya?"

"Ke za ki yi? Shi zai yi. In yana sonki ya biya mana a wuce wurin. Bashi ba biyansa ake ya tafi ba?"

"Ya ce ba zai biya abin da bai ci ba."

"To ya zauna da gaskiyarsa, ke ki zauna da kukanki."

Yaya ta kwashi 'ya'yanta ta tafi, ta manta ma ta yi maganar. Auta ce ba ta manta ba.

* * *

Ranar Asabar ta kai wa Abba abinci ofis. Ta yi sa'a, ko in ce rashin sa'a, wasu ma'aurata suka zo ganin ɗaki, ya ɗauki makullai ya haura da su sama. Ta jawo aljihun tebur. Takardar na nan a cikin fayil ɗin masu neman haya, tsakanin wani mai gyaran firji da wata malamar asibiti. Ta ɗauki hoton shafi na biyu da wayarta, ta mayar, ta rufe. Tunda take ba ta taɓa taɓa kayan Abba ba da izini ba.

Litinin da rana ta juya allon ƙofar shago ya nuna an rufe, ta shiga ɗakin baya cikin tururi, ta kira lambar kamfanin masu karɓar bashin.

Mace ce ta ɗauka, muryarta kamar an shafa mata zuma. Auta ta karanto lambar asusun.

"Ke wace ce a wurinsa?"

"Ƙanwarsa ce."

"Allah sarki. Ina ma kowa na da ƙanwa irinki. Ɗan riƙe mini."

Aka yi shiru, sai ƙarar danne-danne. Shirun ya yi tsawo har Auta ta duba ko layin ya katse. Da matar ta dawo muryar ta ƙara zaƙi.

"Kin zo a daidai. In za a biya yau, na samo miki rangwame, za mu yafe kashi ɗaya cikin uku. Amma yau kawai fa."

"In na biya shi ke nan?"

"Shi ke nan, za mu rufe asusun."

"Ba za a sake binsa ba?"

"Ko kiransa ba za mu sake yi ba, 'yar'uwa."

Auta na da wasu kuɗi da ta daɗe tana tarawa. Injin guga take son saye na kanta, ta kama ɗan shago, ta daina rataye rigunan wata. Direba ya san da su, har sun taɓa zuwa tare sun ga injin a kanti, ya shafa shi ya ce ya fi bas ɗinsa tsafta. Abin da matar ta faɗa ya cinye kuɗin, ya bar mata abin da bai kai na katin bas na wata ɗaya ba.

Ta tura. Wayar ta yi ƙara, rasit ya shigo.

Da yamman nan ta shiga bas kamar an sauke mata dutse. Da ya ɗago a madubi ta sakar masa murmushi har haƙoranta suka fito. Ta ga girarsa ta ɗaga yana mamaki, ta kau da kai tana dariya a ranta. Makonni ta yi tana cin abinci, har Umma ta ce ko dai Likita ya fara shiga ne.

Da wata ya zagayo ta sami Abba bayan ya dawo daga aiki.

"Abba, don Allah ka sake ciro rahoton nan."

Ya dube ta ta saman gilashi. "Wa ya ce miki wani abu ya canja? Magana kuke yi?"

"Wallahi ba ma yi. Jikina ne kawai ya ba ni."

Washegari ya dawo da sabuwar takarda. Bai zauna ba, a tsaye ya miƙa mata. Ta wuce shafin farko ba ta karanta ba, ta sauka ƙasan na biyu.

Layin na nan. Sunan kamfanin na nan, shekarar na nan. Abin da ya canja kalma biyu ce a gefe: an biya.

"Amma... ai an biya, Abba. Me ya sa bai fita ba?"

"Wa ya ce miki biya na fitar da shi? Ko an biya ko ba a biya ba, sai ya cika shekarunsa bakwai. Biya dai na canja masa riga ne, yana nan zaune." Ya karɓe takardar ya naɗe. "Amma na gode da kika sa na duba. Mutumin nan a kujerar can ya zauna, ya dubi idona ya rantse ba a binsa ko sisi, zalunci aka yi masa. Har na fara jin wani abu a raina, ba zan ɓoye miki ba. To ga shi ya lallaɓa ya biya. Wanda aka zalunta zai biya? Ashe ban da bashi har da ƙarya."

Ta bi takardar da ido.

"Likita zai zo da yayansa ranar Asabar. Gaisuwa ce kawai, ban ce komai ba tukuna. Ki dai fito da fuska mai kyau."

* * *

Da ta tashi daga aiki ranar Alhamis ba ta sauka a tashar unguwarsu ba. Ta zauna tana kallon mutane na raguwa ɗaya bayan ɗaya, har bas ta kai ƙarshen layi, wani fili da ake juyawa a bayan tsohon ɗakin ajiyar kaya. Rana ta yi sanyi. Kowa ya sauka.

Direba ya kashe inji, ya taso yana duba ƙarƙashin kujeru kamar yadda ake sa su yi ko wani ya manta kaya. Ya tsaya kujera biyu tsakaninsa da ita.

"Nan ne ƙarshe, Fasinja."

"Na sani."

"Na yi wa Abba alkawari."

"Kai ka yi, ni ban yi ba. Ka yi shiru ni in yi magana."

Sai a lokacin ta ga fuskarsa duka, ba rabin da madubi ke nuna mata ba. Ya rame. Kwalar rigarsa ta yi masa yawa. Ya zauna a kujerar da ke ɗaya gefen, ya haɗa hannuwa a tsakanin gwiwoyi.

"Bari ni in fara, tunda an riga an karya," ya ce. "Ranar da na sauka daga gidanku, washegari na je ofishin da ke ajiye rahoton na shigar da ƙorafi. Da can ban damu ba, na ce ya zauna har ya gaji ya faɗi. Amma ba zan iya barinki shekara ɗaya da rabi ba. Duk ranar hutuna na bi unguwa-unguwa ina neman mutumin da ya shiga ɗakin bayan na tashi. Na same shi. Ya ba ni takardar hayarsa, kwanan wata na jiki."

Auta ta riƙe ƙarfen kujerar gabanta.

"Ofishin suka rubuta wa kamfanin, suka ba su wa'adi su kawo hujja ko a goge layin. Ba su da komai. Mai gidan ya sayar da ginin tuntuni, ko takarda ɗaya ba su riƙe ba. Saura 'yan kwanaki wa'adin ya cika. Har na wanke rigar da zan sa in zo wurin Abba." Ya ɗan yi dariyar da ba ta dariya ba. "Sai ga amsa, wai an rufe ƙorafi, mai asusu ya amince ya biya. Na kira kamfanin, suka ce ƙanwata ce."

Ya ɗago ya dube ta.

"Ba ni da ƙanwa, Auta."

Kukan ya ƙwace mata. Ta sa tafukanta ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Bai matso ba, bai ce ta yi shiru ba.

"Ta ce mini za su rufe. Na tambaye ta sau biyu, ta ce shi ke nan."

"Ai ba ta yi ƙarya ba, sun rufe."

"Ta san da ƙorafinka?"

"Yana gabanta a kwamfuta."

Ta tuna dogon shirun nan da rangwamen yau kawai, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Kullum ina bayanka. Kullum. Kalma ɗaya, ka ce ki jira, ina kan abu. Ko a takarda ka rubuta ka yar a ƙasa in ɗauka."

"Da na yi haka, da na zama abin da Abba ke cewa ni ne."

"To yanzu me ka zama? Cewa yake kai maƙaryaci ne. Cewa yake ka lallaɓa ka biya."

Ya runtse ido. Ta ga maganar ta shige shi, ta so ta janye ta, ba hali.

"Ba za a iya komawa ba?" ta ce. "In je in ce musu ni ce, kuskure na yi, ba ka sani ba."

"Na tambaya. Sun ce in sake shigarwa in ina so. Amma a da kamfanin ba su da abin nunawa, yanzu suna da rasit." Ya dube ta. "Da me kika biya?"

Ta kau da kai.

"Auta, da me kika biya?"

"Kuɗin injin."

Ya tashi ya je har bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon filin, ya dawo.

"Abu ɗaya nake so ki faɗa mini, ki ji tsoron Allah. Da kika ɗauki waya za ki biya, a ranki kin yarda ba a bina?"

"Ni ban damu ba ko ana binka ko ba a binka. Kai nake so. Ko ka ci kuɗin gari duka, kai nake so."

"Na sani." Ya gyaɗa kai a hankali. "Ni kuwa shi kaɗai na damu da shi. Na rasa gida mai kyau saboda layin nan, na rasa rancen mota, an dube ni an yi mini murmushi an ce za a kira ni. Duk na shanye, don na san ban ci ba. Ina cewa a raina ko duniya ba ta yarda ba, akwai mutum ɗaya a kujerar can da ta yarda."

"Na yarda. Wallahi na yarda. Gajiya na yi. Ka san yadda yini yake a shagon nan? Ka san yadda ɗakina yake? Ba wanda nake magana da shi. Na ga ƙofa na ɗauka hanya ce."

Hawaye suka zubo masa shi ma, ya share da bayan hannu da sauri kamar wanda gumi ya dama.

"Zan biya ki."

"Ba zan karɓa ba."

"Za ki karɓa. Duk wata zan tura har ya cika. Shekarun nan ana cewa ana bina, ina barci lafiya. Yau ne na zama mai bashi na gaske."

"Wannan ba ya cikin rahoton kowa."

"Shi ya sa ba zai faɗi da kansa ba."

Rediyon da ke gaban sitiyari ya yi ƙara, mai kula da layi na tambayar me ya tsayar da shi. Bai kula ba.

"Likita zai zo da yayansa jibi," ta ce.

"Mutumin kirki ne?"

"Kada ka tambaye ni wannan."

"To ki yi mini abu ɗaya. Kada ki faɗa wa Abba ke kika biya. Zai ce ni na sa ki, na ci kuɗin 'yarsa ta bayan gida. In ma bai ce haka ba, zai san kin buɗe masa tebur. Ni ya riga ya gama da ni. Ke kada ki ɓata naki."

"Sai in bar shi yana kiranka maƙaryaci?"

"Ba a gabana zai kira ba."

Rediyon ya sake kira. Ya koma mazauninsa, ya tayar da inji, ya buɗe ƙofa ga mutane uku da ke jira a tasha. Tafiyar komawa sabuwar tafiya ce, don haka Auta ta taso da jajayen idanu ta sake ɗora katinta a na'ura kamar kowa.

* * *

Asabar tun da hantsi Umma ke goge falo. Yaya ta zo da jakar kwalliya, ta zaunar da Auta a gaban madubi tana mita.

"Idon nan ko me na shafa ba zai ɓoyu ba. Wai mutuwa aka yi? Ɗaga kai."

Aka ji sallama a falo, aka ji muryar Abba ya sake yana dariya irin wadda yake wa masu biyan shekara guda gaba ɗaya. Yaya ta fita ta taya Umma haɗa tire.

Wayar Auta ta yi ƙara a kan gado.

Watanni ke nan sunansa bai fito a fuskar wayar nan ba. Ta ɗauka da hannu biyu. Saƙon banki ne, an turo mata kuɗi, kusan rabin albashin direban bas. A wurin bayani ya rubuta: na farko.

Ta zauna tana kallonsa har fuskar wayar ta yi duhu. Babu gaisuwa, babu Fasinja. Haka zai riƙa zuwa duk wata, ta sani, ko tana gidan Abba ko tana gidan wani.

"Auta, fito mana," in ji Umma daga ƙofa. "Ungo tiren."

Ta karɓa ta shiga. Likita ya miƙe tsaye da ya gan ta, yayansa ya yi murmushi. Abba na tsakiyar labari, bai katse ba.

"Ni shi ya sa ba na tambayar mutum, takarda nake tambaya. Kwanan baya wani ya zauna a nan inda kake zaune, ya rantse mini har da ƙwalla ba a binsa. Da na matsa, sai ga shi ya je a ɓoye ya biya. Ka ga da na bi ta bakinsa..."

Auta ta ajiye tiren. Kofunan suka ɗan yi ƙara.

"Abba, ba shi ya biya ba."

Yaya ta damƙi gefen rigarta ta baya. Ta fizge.

"Ni na biya. Daga aljihun teburinka na ɗauki lambar, na ce musu ni ƙanwarsa ce. Bai sani ba. Ya kai ƙorafi da hujjarsa, saura kwanaki a goge layin, ni na ɓata. Ba a binsa, Abba. Ni na sa aka rubuta ana binsa."

Likita ya mayar da kofin da ya ɗauka a hankali, ya koma ya zauna yana kallon ƙasa. Umma ta dafe ƙirji.

Abba ya cire gilashinsa. Ya daɗe yana kallonta, kuma duk saninta da fuskarsa ta kasa karanta ta. Ba ta san ko kunya ce ba, ko fushin da bai taɓa yi mata ba ne ke tahowa.

"Miƙo mini wayata," ya ce da Umma.

"Abbansu, da baƙi fa. Wa za ka kira?"

Ya karɓi wayar, ya mayar da gilashin, ya dubi Auta.

"Faɗo lambar direban."

Ta faɗo da ka. Ya danna ɗaya bayan ɗaya, ya kara a kunne. Kowa a falon yana jin kiran na shiga.